Lambunan Gargajiya na Suzhou: Shawara ga Sabon Zuwa Ƙasar Sin

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu da ke zuwa ƙasar Sin, ɗalibai ne ko 'yan kasuwar Guangzhou da Yiwu, sukan shekara suna kai da kawowa tsakanin masauki da aji ko kasuwa ba tare da sun taɓa leƙa lambunan gargajiya na ƙasar ba, kuma a ganina wannan asara ce babba. Wanda ke zaune a Shanghai ma ba shi da uzuri, domin jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Suzhou cikin kimanin rabin awa. A can ne ake da lambuna tara da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihi na duniya, huɗu a 1997, sauran biyar a 2000.

Mafi girmansu shi ne Zhuozheng Yuan, wanda wani jami'in gwamnati mai suna Wang Xianchen ya fara ginawa a 1509 bayan ya bar aiki. Kada a shiga da tsammanin ganin fili shimfiɗaɗɗe. Kamar yadda zaure ke kāre cikin gida daga idon mai wucewa, haka aka tsara katangu da hanyoyi masu lanƙwasa don kada a ga komai a lokaci guda. Mutum zai tsaya gaban taga ya hango gora da furannin ruwa, ya ƙara taku kaɗan sai ga gada da duwatsu masu ramuka, waɗanda aka ɗebo daga yankin tafkin Taihu saboda siffarsu. Mai sauri ba zai ga wannan ba, shi ya sa ya fi kyau a ba lambu ɗaya safiya guda sukutum. Wani daga cikin lambunan, Wangshi Yuan, ƙarami ne ƙwarai, amma tsarinsa ya isa a zauna a ƙare masa kallo.

A riƙe fasfo a hannu, domin da shi ake yankar tikiti, galibi tun kafin ranar ziyara, ta hanyar manhajar WeChat. A guji makon farko na Oktoba da farkon Mayu da hutun sabuwar shekarar Sinawa, lokacin da cunkoso ke hana ganin komai, sannan a yi sammako. Ba a tanadi wurin salla a ciki ba, don haka a tsara lokaci tun daga masauki, abinci kuma a nemi gidan da ke ɗauke da alamar halal, wato 清真. Mazauna Guangzhou, waɗanda Suzhou ta yi wa nisa, za su iya farawa da lambun Yuyin Shanfang da ke gundumar Panyu ta birnin nasu.