Yadda Ake Gatanta Karen Gida Ba Tare da An Cutar da Shi Ba

Wanda ya ajiye kare a gida, don gadi ne ko farauta ko kiwo, ya ɗauki amanar rai. Sau da yawa kuma mai son karen shi ke cutar da shi, saboda yana auna buƙatar kare da tasa.

A fara da kwano, don a nan ɓarnar ta fi yawa. Ragowar tuwo da miyar gida ba abincin kare ba ne. Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa sannu a hankali, sai ka ɗaga leɓensa ka tarar dasashi ya yi fari fat, ya daina tasowa in an buɗe ƙofa. Goro da cakulan suna sa zuciyarsa bugu fiye da kima, har ya kai ga jijjiga. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana lalata masa ƙoda. Ƙashin kaza da aka dafa kuwa tsagewa yake yi da tsini, ya maƙale a wuya ko ya huda hanji. A ware masa tukunyarsa: shinkafa ko tuwo, da nama ko kifin da aka zare wa ƙaya, da ɗan kabewa ko karas, ba gishiri, ba magi, ba barkono. Kwikwiyo yana ci sau 4 a rana har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Ma'aunin ƙoshi a hannunka yake: ka shafa gefensa, ya kamata ka ji haƙarƙari a tafinka amma kada ido ya ƙirga su. Ruwa kuwa, kare mai kilo 20 yana shan fiye da lita 1 a rana, a bazara ma ya wuce haka nesa.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8. Maganin tsutsar ciki ana farawa tun yana mako 2, a maimaita duk mako 2 har ya kai mako 12, sannan wata-wata har wata 6, daga baya duk wata 3. Allurar rigakafin da ke haɗe da ta fabo, cutar nan mai amai da gudawar jini da wari, ana yin ta farko tsakanin mako 6 da 8, a ƙara sau 2 da tazarar mako 3 zuwa 4. Kafin a kammala, kada ya taka titi. Ta haukan kare sai ya cika wata 3, kuma a sabunta duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. A bar likitan dabbobi ya yi, don in ta sha zafi a hanya ta tashi aiki.

Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a tsakar gida a watan Afrilu zalunci ne, ko da nama ake ba shi kullum. A yi masa inuwa mai iska, a fita da shi da sassafe ko bayan la'asar. Ka ɗora bayan hannunka a kwalta daƙiƙa 5, in ba ka jure ba, tafin ƙafarsa ma zai ƙone.

Duk yamma a duba cikin kunne da tsakanin yatsu, can kaska ke ɓuya. A kama ta daf da fata a zaro a hankali. Kada a shafa masa baƙin mai ko kananzir don ƙazwa, zai lashe ya sha guba. Wurin kwanciyarsa ya zama daɓe busasshe, domin akwai ƙudan da ke ƙwai a yashin da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta shige fata ta tayar da ƙurji mai rami a ka. Farasitamol da maganin ciwon jiki na mutane kuwa kada a ba shi da ka, suna illata hanta da ƙoda.

In ya ciji wani, ko da wasa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti ranar, karen kuma a killace shi kwana 10 ana lura da shi.