Yadda za ka bi diddigin asalin dangi masu sunan Walker a Ingila

Fara da kakan da ka tabbatar, sannan ka riƙa ja baya. Rajistar haihuwa da aure ta gwamnatin Ingila ta soma a 1837. Kafin nan sai littattafan coci, da aka fara a 1538.

Walker sunan sana'a ne: mai tattake saƙar ulu cikin ruwa har ta yi kauri. Arewacin Ingila ke kiransa haka, kudu maso gabas Fuller, kudu maso yamma Tucker. Duba ƙidayar jama'a ta 1881 ka ga inda sunan ya taru.

Inda ake tuntuɓe: magatakarda yadda ya ji yake rubutawa, don haka nemi Walkere ma. Kuma kada ka haɗa Walker biyu don suna kaɗai, garuruwa da dama kowanne da nasa.