In Zuciyarka Na Jin Yunwar Adalci, Ga Yadda Za Ka Bi Da Ita

Akwai wani hali da mai bi kan shiga wanda da wuya ya iya faɗa wa kowa. Kana zuwa sujada, kana waƙa, kana ba da baiko, mutane ma na ganinka a matsayin wanda ya tsaya da kyau, amma in ka koma ɗaki ka rufe ƙofa sai ka ji kamar da rami a cikinka, kana so ka zama mai gaskiya da tsarki a gaban Allah amma abin da kake gani a kanka bai kai ko kusa ba. Ni na daɗe cikin wannan halin, na ɗauka alama ce ta na ja da baya, sai daga baya na gane ashe Yesu da bakinsa ya yi maganar abin, kuma albarka ya kira shi. A Matiyu 5:6 ya ce masu albarka ne waɗanda ke jin yunwa da ƙishirwar adalci, domin za a ƙosar da su. Toh yadda mutum zai bi da wannan yunwar shi ne abin da yawancinmu ba mu iya ba, ko dai mu danne ta har ta mutu, ko mu yi ta cusa mata abin da ba ya ƙosarwa.

Da farko dai ɗan'uwa, 'yar'uwa, kar abin ya tsorata ka. Gawa ba ta jin yunwa. Duk wanda ya taɓa yin jinya ya san ranar da mara lafiya ya buɗe baki ya ce a ba shi abinci ita ce ranar da masu jinya ke samun kwanciyar hankali. Wanda ya kamata ya damu shi ne wanda zunubi ya daina damunsa kwata-kwata. Don haka ka fara da godiya, ka ce Ubangiji na gode da ba ka bar ni na gamsu da yadda nake ba.

Bayan haka sai ka zauna ka tantance wace irin yunwa ce kake ji, don ba kowace damuwar zuciya ce yunwar adalci ba. Ka ɗauki biro da takarda, ka kashe waya, ka rubuta abin da kake marmari a fili ba tare da ka yi masa ado ba. Wani in ya rubuta sai ya tarar ashe yabo yake nema, yana so a ce da shi mutumin Allah. Wani kuma so yake wahalar da yake ciki ta wuce kawai, wannan ba laifi ba ne amma daban yake. Tambayar da ta fi taimaka min ita ce, in da ba wanda zai taɓa sani, zan so in daina wannan ƙaryar, in bar wannan ƙiyayyar? A Matiyu sura 6 Yesu ya ɗauko abu uku masu kyau, sadaka da addu'a da azumi, ya nuna duka ukun ana iya yinsu don idon mutane, kuma sau uku ya ce masu yin haka sun riga sun karɓi ladansu. Ka yi addu'ar da ke ƙarshen Zabura 139, inda Dawuda ya roƙi Allah ya bincike shi ya ga ko akwai wata muguwar hanya a cikinsa, sannan ka yi shiru na ɗan lokaci, kar ka yi saurin tashi.

Sai kuma ka duba ina kake zuwa shan ruwa in ƙishin ya taso. Allah ya yi ƙarar mutanensa ta bakin annabi Irmiya, sura 2 aya 13, cewa laifi biyu suka yi, sun bar shi maɓuɓɓugar ruwan rai, sun je sun haƙa wa kansu rijiyoyi fasassu da ba sa riƙe ruwa. Kowa na da tasa rijiyar. Ta wani waya ce, da ya ji zuciyarsa ta fara nauyi sai ya buɗe Facebook ko TikTok ya yi ta jan allo har barci ya kwashe shi, ta wani neman kuɗi ba dare ba rana, ta wani soyayya daga wannan zuwa wancan, kuma wadda ta fi wuyar ganewa ita ce hidimar coci kanta, mutum ya cika kowace rana da taro da kwamiti don kada ya sami lokacin da zai zauna shi kaɗai da Allah. Matar nan Basamariya da Yesu ya sadu da ita a bakin rijiyar Yakubu, a Yahaya sura 4, ta yi aure sau 5 kuma wanda take tare da shi ba mijinta ba ne, Yesu bai fara da zaginta ba, ruwa ya roƙe ta, ya yi mata maganar ruwan da in an sha ba a ƙara jin ƙishi, sannan ya taɓo wurin da ke ciwo. Haka yake yi har yanzu. Ka kira rijiyarka da sunanta, ka rage zuwa wurin na sati ɗaya ko biyu, za ka ji ƙishin ya ƙaru sosai, kar ka gudu, dama abin da ake nema kenan.

Agustin, babban malamin ikilisiya na dā, wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi shekaru yana yawo tsakanin ilimi da suna da sha'awar jiki, mahaifiyarsa Monika tana ta yi masa addu'a da hawaye. Shi da kansa ya faɗa cewa yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi kamun kai amma ba yanzu ba. Sai a 386, cikin wani lambu a birnin Milan, ya buɗe wasiƙar Romawa idonsa ya faɗa kan sura 13 aya 13 da 14, nan ne ya sallama. Wannan "ba yanzu ba" ɗin ina ganin ita ce ke riƙe da yawancinmu, muna so amma muna so a jinkirta, kuma gara ka faɗa wa Allah gaskiya cewa rabin zuciyarka ne ke so, ka roƙe shi ya kamo ɗaya rabin, da ka yi ta addu'a mai daɗin ji wadda kai ma ba ka yarda da ita ba.

Yanzu ga wurin da nake so a natsu sosai, domin nan ne masu himma ke faɗuwa. In yunwar ta kama mutum, abin da ke fara zuwa masa shi ne bari in ƙara ƙoƙari, in ƙara azumi, in yi alkawari ba zan sake ba, sai ya yi kwana 10 lafiya ya faɗi a na 11, kunya ta rufe shi, ya daina addu'a har sai ya ji ya ɗan gyaru tukuna. Wannan zagayen zai iya cinye shekarun mutum. Ka sake duba ayar, ba a ce za su ƙosar da kansu ba, cewa aka yi za a ƙosar da su, wani ne mai ciyarwar. Kalmar da aka yi amfani da ita a Helenanci ma ita ce dai aka sake amfani da ita a Matiyu 14:20, lokacin da Yesu ya ciyar da maza 5,000, ban da mata da yara, suka ci suka ƙoshi har aka kwashe ragowa kwando 12, kuma ka san ba su suka kawo abincin ba.

Martin Luta, wanda daga baya ya jagoranci gyaran ikilisiya, ya sha wannan wahalar fiye da yawancinmu. Ya shiga gidan sufaye a Jamus a 1505, ya yi azumi, ya hana kansa barci, yana ta furta zunubansa har mai sauraronsa ya gaji, duk da haka bai sami salama ba, har ya ce ya tsani kalmar nan adalcin Allah domin yana ganin ma'aunin da za a hukunta shi ne. Sai da ya yi ta bimbini a kan Romawa 1:17 ya gane adalcin da ake magana kyauta ce da Allah ke ba mai ba da gaskiya. Manzo Bulus ma haka, a Filibiyawa sura 3 ya jera duk abin da zai iya taƙama da shi, asalinsa da Farisancinsa, wato zamansa cikin Yahudawa masu tsananta bin Shari'a, da himmarsa, ya ce duk ya ɗauke su hasara domin a same shi cikin Almasihu, ba da adalcin kansa ba. A aikace abin da wannan ke nufi shi ne, ranar da ka faɗi, a ranar za ka koma, ba sai ka yi wa kanka horo na sati ba. Ka faɗi zunubin da ainihin sunansa, in hassada ce ka ce hassada, kar ka ce rauni, ka tsaya a kan 1 Yahaya 1:9, ka tashi. Mai karɓar harajin nan na Luka 18 jimla ɗaya ya yi, ya Allah ka yi mini jinƙai ni mai zunubi, kuma shi Yesu ya ce ya koma gida baratacce, wato Allah ya karɓe shi a matsayin mai adalci, ba Bafarisiyen da ke azumi sau 2 a mako ba.

Amma fa kyauta ba ta hana ka zuwa inda ake rabawa. Ka sa wa kanka lokacin karanta Littafi Mai Tsarki wanda za ka iya riƙewa, minti 15 kullum ya fi awa 3 sau ɗaya a wata. Shawarata ka fara da huɗubar kan dutse, Matiyu sura 5 zuwa 7, aya 111 ce duka, ka karanta ta gaba ɗaya da murya a zama ɗaya, sannan ka koma ka riƙa ɗaukar kaɗan-kaɗan, in aya ta tsaya maka a wuya ka dakata a nan, ka rubuta ta, ka yini da ita, ka mayar da ita addu'a. In bakinka ya rasa abin faɗa ka ari na Zabura, ta 63 wadda Dawuda ya yi a jejin Yahuza, ta 51 in tuba kake yi, ta 42 in ranka ya bushe. Azumi na da amfani in lafiyarka ta yarda, amma ka cika lokacin cin abincin da addu'a, in ba haka ba yunwa kawai ka sha.

Abin da ke ba ni tsoro kuma shi ne yadda muke mayar da adalci ya zama wani daɗi da ake ji a zuciya lokacin waƙa, alhali a Littafi adalci na da hannu da ƙafa. A Ishaya 58 mutane sun yi gunaguni wai sun yi azumi Allah bai kula ba, ya amsa musu cewa a ranar azumin ma suna zaluntar ma'aikatansu, azumin da yake so shi ne a kwance sarƙar mugunta, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da mara gida. Zakka, shugaban masu karɓar harajin nan da Yesu ya shiga gidansa, bai ce zuciyata ta cika da salama ya tsaya nan ba, cewa ya yi rabin dukiyarsa zai ba matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki 4. Don haka ka tambayi kanka, wa nake riƙe wa haƙƙi? Bashin da ka yi shiru a kai kana fatan mai shi ya manta, ladan mai yi maka aiki da kake ja, sunan wani da ka ɓata a bayan idonsa, matarka ko mijinki da aka yi wa magana mai zafi ba a nemi gafara ba. Matiyu 5:23 da 24 ya ce ko baiko ka kawo ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka ajiye ka je ku shirya tukuna. Ni akwai wanda na yi wa ƙazafi shekaru da suka wuce, duk lokacin da na durƙusa sai fuskarsa ta zo min, na yi ta kewaye-kewaye har ranar da na kira shi na faɗi abin da na yi ba tare da kawo hujja ba, bai amsa min da fara'a ba a ranar, kuma yana da gaskiya, amma daga nan ne addu'ata ta buɗe. Ka zaɓi guda ɗaya ka gyara cikin satin nan, kar ka jira sai ka ji kana so.

Za a yi kwanaki, wani lokaci watanni, da za ka yi duk wannan ka ji shiru. Kar ka yanke cewa an yashe ka. Mai Zabura 42 da 43 sau 3 yana tambayar ransa don me ya karaya, sau 3 kuma yana ce masa ya sa zuciya ga Allah, ka ga ai ba a karo na farko abin ya zauna ba. Bulus da ya rubuta Filibiyawa yana kurkuku bayan shekaru yana bin Ubangiji, ya ce bai kai ba tukuna, yana dai nacewa. Ƙoshin da ake samu a nan irin wanda ke ƙara buɗe ciki ne, cikakken sai ranar da Wahayin Yahaya 7:16 ya faɗa, da ba sauran yunwa ba sauran ƙishirwa. Sai dai in nauyin zuciyar ya kai ba ka iya barci, ba ka cin abinci, ko tunanin cutar da kanka na zuwa maka, dan Allah ka ga likita ka kuma gaya wa fastonka, yin haka ba rashin bangaskiya ba ne.

Kuma kar ka yi tafiyar nan kai kaɗai. Kana buƙatar mutum ɗaya ko biyu da za ka iya gaya wa gaskiya, wanda ba zai yayata ka ba kuma ba zai yi maka daɗin baki ba, namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. In ba ka da shi tukuna, Lahadi mai zuwa bayan an tashi sujada ka tsaya ka sami wani dattijo cikin bangaskiya wanda ka daɗe kana lura da rayuwarsa, ka gaishe shi, ka ce Baba ina so in riƙa zuwa muna addu'a tare ko sau 2 ne a wata, ku tsayar da rana kafin ku rabu.