Kurakuran da aka fi yi game da 'yan ruwan tatsuniyoyin Turai

Da zarar an ambaci 'yan ruwa na ƙasashen Turai, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne kyakkyawar mace mai dogon gashi, daga ƙugu zuwa ƙasa kifi, tana zaune bisa dutse. Daga nan sauran kurakurai suka samo tushe, domin an tattaro halittu iri-iri an cusa su cikin siffa guda.

Siren na tsohuwar Girka su ne wannan kuskure ya fi zalunta. A zanen da ke jikin tukwanen Girkawa, tsuntsaye ne masu kan mata, da fukafukai da farata, waɗanda ke rera waƙa su ja matuƙan jiragen ruwa zuwa halaka. Sai bayan ƙarnuka masu yawa aka ɗora musu wutsiyar kifi. Saboda haka mai rubutu a kan zamanin Girkawa ya bar su da fukafukansu. Ita ma Rusalka ta Rasha da Yukiren ƙafafu gare ta, kuma galibi ana ɗaukarta kurwar budurwar da ta nutse, wadda kan fito daga kogi a wani mako na wajen watan Yuni ta hau bishiya ko ta yi rawa a gonaki.

Haka nan ba dukansu mata ba ne. Mutanen Siwidin suna da Näcken, namiji mai kaɗa goge a tsakiyar rafi. Kelpie na Sukotlan kuwa doki ne da ke tsayawa a gaɓa kamar mai jiran mahayi, wanda duk ya hau bayansa sai ya afka da shi cikin ruwa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne vodník na ƙasar Cek, wanda aka ce yana adana kurwoyin waɗanda suka nutse cikin 'yan kofuna masu murfi a ƙarƙashin tafki, kamar yadda ake jera kwanuka a ɗaki.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne ɗaukar ƙirƙirar marubuci a matsayin gadon kaka da kakanni. Lorelei dutse ne mai tsayin kimanin mita 132 a gefen kogin Rhine a Jamus, a daidai inda kogin ya matse kuma jirage suka sha haɗari. Macen da ake dangantawa da shi marubucin Jamus Clemens Brentano ne ya ƙirƙiro ta a 1801, sannan waƙen Heinrich Heine na 1824 ya yaɗa ta har mutane suka zaci tun fil azal take. Maganin wannan shi ne a tambayi wanda ya fara rubuta labarin da kuma shekarar da ya rubuta shi, kafin a kira shi tatsuniya.

Mai fassara kuma ya guji sanya wa kowace sunan Mami Wata, domin ita tarihinta daban ne. Ya bar wa halittar sunanta, ya faɗi irin ruwan da take zaune da abin da ake tsoro daga gare ta. Jenny Greenteeth ta yankin Lancashire a Ingila, alal misali, da ita iyaye ke hana yara kusantar kududdufan da koren tsiro ya lulluɓe har suka yi kama da fili.