Kurakuran da baƙi suka fi yi idan sun zo ganin Abuja na kwana biyu

Duk hutun Sallah ko na ƙarshen shekara sai iyalai sun taso daga Kano, Katsina ko Sakkwato domin su ga Abuja cikin kwana biyu ko uku, kuma kuskuren bara shi ake maimaitawa bana. Abin ya ishe ni. Mutum ya kashe kuɗinsa, ya wahalar da yara, ya koma gida bai ga komai ba sai bayan motoci.

Masauki shi ne inda aka fi faɗawa. Baƙo zai ji otal a Maitama da Wuse II akwai tsada, sai ya kama ɗaki a Mararaba ko Masaka, ko ya sauka wajen ɗan'uwa a Suleja, yana murna ya yi dabara. Mararaba fa jihar Nasarawa ce, Suleja kuma jihar Neja. Dubban ma'aikatan da ke cika ofisoshin birnin can suke kwana, da sassafe su nufo gari, da yamma su koma, duk a lokaci guda. A hanyar Mararaba, daga Nyanya zuwa shataletalen AYA da ke bakin shiga gari, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba idan hanya a sake take, tana iya cin fiye da awa guda tsakanin ƙarfe shida da tara na safe, haka ma bayan la'asar a komawa. Kai da kwana biyu gare ka, ka ba cunkoso safiya da maraice, me ya rage? Abin da ka rage a kuɗin ɗaki ya tafi a kuɗin mota. Araha ba ta ado. Ni ƙa'idata, ɗaki madaidaici a Garki, Utako, Jabi ko ɗaya daga cikin Zone na Wuse, kuma kafin ka biya ka tambaya ko janareta na kaiwa asuba, ka shiga banɗaki ka murɗa famfo da hannunka. In kuma dole sai bayan gari, ka fito bayan ƙarfe goma, ka koma kafin uku ko bayan isha'i, ko ka sa ziyarar ta faɗo Asabar da Lahadi.

Na biyu ya fi haɗari, shi ne shiga kowace mota. Abuja ba garin tafiyar ƙafa ba ne, an hana acaɓa a tsakiyar birnin tun 2006, Keke Napep ma ba ko'ina yake shiga ba. Sai baƙo ya tsaya bakin titi yana ɗaga wa duk motar da ta zo hannu. Nan 'yan wan cans, wato 'yan fashin da ke fakewa da motar haya, ke samun nama. Motar za ta tsaya da fasinja biyu ko uku, wani lokaci har da mace don hankalinka ya kwanta, alhali bakinsu ɗaya da direba. Da an yi nisa su rufe gilashi, su karɓe waya, su tilasta maka tura abin da ke asusunka na banki, su watsar da kai a hanya. Haba malam! Da iyalinka da komai, don ragin 'yan kuɗi kaɗan ka tsaya ƙarƙashin gada bayan magariba kana taron mota? Kira mota ta manhajar Bolt ko inDrive, ka duba lambar motar ta yi daidai da wadda wayarka ta nuna kafin ka buɗe ƙofa, ka tura wa wani ɗan'uwa bayanin tafiyar. In haya za ka shiga, je cikin tasha inda ake lodi. Mota mai baƙin gilashi, bar ta ta wuce. Idan kuna da yawa, ɗaukar direba guda na yini ya fi, amma a gama ciniki har da kuɗin mai tun kafin a tashi.

Kada ka ce wa direba "Wuse" ko "Garki" kawai. Wuse Zone 4 daban, Wuse II daban, Area 11 daban da Garki II. Riƙe sunan titi da wani gini sananne a kusa.

A yankin fadar shugaban ƙasa, Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli, mayar da waya aljihu, domin jami'an tsaro ba sa wasa da masu ɗaukar hoto. Dutsen Aso daga nesa ma ana ganin sa sarai.

Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100, yana kusa da Madalla a hanyar Kaduna, ba cikin birni ba. Ware masa safiya guda. Masu haɗa shi da ruwan Gurara da tafkin Jabi a yini ɗaya, a mota suke ƙarewa.

Ranar Juma'a titunan da ke kewaye da Masallacin Ƙasa na cika tun kafin azahar, in can za ka yi salla ka isa da wuri. Millennium Park a Maitama sai da yamma in rana ta yi sanyi, amma da damina hadari kan taso a daidai lokacin, don haka ka dubi gabas kafin ka shimfiɗa tabarma. Mai dawowa ta jirgin ƙasa zuwa tashar Rigasa ta Kaduna ya sayi tikiti ta intanet da wuri, kuma ya tabbatar ko daga tashar Idu zai hau ko ta Kubwa. Tsarabar kilishi kuwa a Area 1 ake saye, ka ɗanɗana kafin a naɗe maka.