Tumatir ya yi araha, mu tanadi na damina tun yanzu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga shawara, musamman ga masu fita aiki da safe su dawo a gajiye.

Daga Janairu zuwa Maris tumatirin noman rani ke cika kasuwa, irin na Kadawa da Ɗanja, kwando ya faɗi warwas. Da ruwa ya sauka kuwa, sai ki ga guda biyar ana kiran kuɗin da zai sa ki fasa miyar.

Ranar Asabar nake sayen kwando ɗaya, in haɗa da tattasai, attaruhu da albasa, a markaɗo. Sai in ɗora a wuta ba murfi, ina juyawa har ruwan ya ƙone ya yi kauri kirtif. Nan ne sirrin, domin ragowar ruwan nan shi ke sa ya yi tsami. In ya huce, ki ƙulla daidai miyar kwana ɗaya-ɗaya ki sa a firiza. Kada ki zuba duka a roba guda, narkewa da sake daskarewa na lalata shi.

Unguwar da wuta ba tabbas, kauɗa ta fi. A yanka, a barbaɗa gishiri kaɗan, a shanya a kan tire a sama, a rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu da ƙuda. Ni dai ban yarda da shanyar bakin titi ba. Sai ya bushe ƙarau kafin a zuba a kwalba, in ba haka ba zai yi fumfuna.