Yadda manomi zai karɓi tallafin gwamnati da hannunsa

Kowace shekara sai ka ji a rediyo an ƙaddamar da rabon taki, amma ka zaga ƙauye ka rasa wanda ko buhu ɗaya ya shiga gidansa. Sau da yawa tun wajen rubuta suna ake zubar da manomi, tirela ba ta ma iso ba. To, daga can za mu fara.

Da farko, haɗa takardunka tun da rani: lambar NIN, asusun banki mai BVN, da layin waya da aka yi wa rajista da sunanka. Sunan ya zo ɗaya ko'ina. In Muhammadu ne a banki, kada ya koma Mamman a takardar ƙungiya, don kwamfuta ba ta san lakabi ba.

Maganar layin nan ita ce ta fi damuna. Tun 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, aka fara aiko wa manoma saƙo ta waya su je su karɓi buhu biyu, kamfa da yuriya, a rabin kuɗi. Shirin tallafin kayan noma na gwamnatin tarayya, NAGS-AP, da aka ƙaddamar da noman alkama a Jigawa a 2023 shi ma ta waya yake bi. Wanda saƙon ya faɗo wa, shi ke da takin. Don haka kada ka ba da lambar ɗan maƙwabci ko ta mai cajin waya don ba ka iya karatu ba. Sa taka, in saƙo ya shigo ɗanka ya karanta maka a gabanka.

Na biyu, nemi malamin gona na yankinku, ko ka je sashen noma a sakatariyar ƙaramar hukuma. A Kano hukumar KNARDA ce ke da malaman, a Jigawa kuwa JARDA. Shiga ƙungiyar manoma mai rajista, domin ta nan aka fi ɗaukar sunaye. Ranar awon gona ka tsaya da kanka, ka ga abin da aka rubuta. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce.

Na uku, kafin ka dangwala yatsa, yi tambaya baro-baro: tallafi ne ko bashi? Shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya buɗe a Kebbi a Nuwamban 2015 rance ne daga Babban Banki, a lokacin ana biya da amfanin gona ko da kuɗi. Mutane da yawa sun ɗauka kyauta ce, sai da kaka ta yi aka zo neman shinkafa.

Sai ranar karɓa. Tafi da wayar, da shaidar NIN, da kason kuɗinka. Biya inda aka ce a biya, ka karɓi rasit. Ƙirga buhunan, duba ɗinkin bakinsu, ka matsa da hannu ka ji ko takin ya sha ruwa ya daskare. In da maganin feshi, a karanta maka ranar da zai lalace. A bakin ƙofa za ka tarar da masu sari riƙe da kuɗi suna zuga ka. Wuce su, don abin da za su ba ka ba zai saya maka rabin takin ba idan damina ta kankama.

In sunanka bai fito ba, koma wurin malamin gona tare da shugaban ƙungiyarku, a duba ko lambar waya ce aka rubuta ba daidai ba, a gyara kafin rabo na gaba.